Kafin Rafi Ya Cika

A wani daji da rafi ya ratsa ta tsakiya, akwai dabbobin da suka yi gari a gindin wata tsohuwar kuka. Ciyawa ta ishe su, ruwa ya ishe su, zakin da ke damunsu ma ya tsufa ya koma cin fara. Abu guda suka rasa: ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando ba ta taɓa ɗaukar kofin daji ba. Kwandon na kaba ne, an rataye shi a reshen kukar, ƙwallon kuwa busasshen duma ne. Kowace damina akan yi gasa, kowace damina sukan kai bakin nasara su dawo hannu rabbana.

Wanda ke kai su bakin nasarar shi ne Jatau, wani raƙumin dawa mai sanyin hali. Sauran 'yan wasa tsalle suke yi su jefa, su raka ƙwallo da addu'a. Shi kuwa da baki yake ɗaukar duman ya sa a kwando, kamar mai ajiye ƙwai. Yana da mata, Tabawa, da 'ya ɗaya, Ladingo, wadda ƙahonninta ba su gama tsirowa ba. In an tashi wasa, Ladingo kan biyo shi gida tana ba shi labarin wasan daga farko, sai ka ce ba shi ya buga ba.

Dajin yana da doka. Ƙungiyoyi na iya musayar 'yan wasa ko ana tsakiyar gasa, muddin rafi na ƙetaruwa. Da ya cika, magana ta ƙare: kowace gaɓa ta yi wasa da maƙwabtanta, sai ruwa ya janye a haɗu a wasan ƙarshe. Saboda haka duk lokacin da ruwa ya fara hawa, shugabanni kan kasa zama wuri ɗaya, kowa na tsoron a ce rafi ya cika bai yi komai ba.

A wannan shekara ruwa ya hau da wuri. Shugaban ƙungiyar Gindin Kuka, wani gwaggon biri mai suna Makau, ya tara majalisa. Ya gyara zama, ya ce:

"Jama'a, kowa ya san babu mai ƙaunar Jatau kamata. Kwanan nan na faɗa a bainar jama'a cewa a gindin kukar nan zai tsufa, kuma lokacin da na faɗa, da gaske nake. Amma shugabanci hangen nesa ne. Jatau yana ci mana wasa, mun gode. To, cin wasan ya ba mu kofi? 'Yan ƙungiyar Tsallake, ta hayin rafi, sun yi mana tayin da ba a ƙi a kan Jatau. Za su ba mu birai biyu masu zafin nama, da jimina, da kuma ɗan fari na giwarsu. Ku dubi girman giwa a ƙarƙashin kwandon nan!"

Bushiya ta ɗago kai. "Ranka ya daɗe, shi ɗan giwar ya fara tafiya?"

"Ba a haife shi ba tukuna."

"Cikin ya tsufa ke nan?"

"Ba ta yi aure ba. Amma an tabbatar mana manema suna ta zuwa."

"Jiminar fa? Na hango ta tana ɗingishi."

"Yanga ce," in ji Makau.

Kura ta yi hamma, ta ce, "Ni dai na goyi baya. Duk wanda bai gane wannan ciniki ba, bai san wasa ba."

Ba wanda ke so a ce bai san wasa ba, sai kowa ya gane.

An manta a faɗa wa Jatau. Yana fili yana atisaye, duma a baki, Ladingo na kallo, sai aku ya sauka a ƙahonsa ya ce, "Allah ya sanya alheri, Jatau! Yau ne tafiyar ko gobe?"

Duman ya faɗi ƙasa. "Wace tafiya?"

Kafin aku ya gama bayani, ga Makau da gudu. Ya rungumi gwiwar Jatau, don nan ne iyakar inda yake kaiwa. "Kai ɗan gida ne har abada," ya ce. "Sai dai ka hanzarta, ruwa na hawa."

A bakin rafi aka ga abin da majalisa ba ta tattauna ba. Ruwan zai kai wa Jatau ƙirji. Tabawa na da tsohon ciki, Ladingo kuwa ko kunnenta ba zai fito ba.

"Baba, zan iya. Zan miƙa wuya sosai," in ji Ladingo.

"Na san za ki miƙa, uwata. Amma wa zai kula da Inna?" Ya sunkuyo har hancinsa ya taɓa goshinta. "Kin ga surin can? Kullum da la'asar ki hau, ki dubi saman itatuwan Tsallake. Zan ɗago kai in karkaɗa miki kunne."

Ya shiga ruwa. Washegari rafi ya cika ya batse.

Haka aka yi ta yi. Da la'asar Ladingo ta hau suri, can nesa wani kai ya ɓullo sama da ganye, ƙarami kamar tsuntsu, kunnuwa su motsa. Ita ma ta karkaɗa nata. In iska ta juyo, takan kawo mata ihun 'yan kallon Tsallake, sai ta rufe ido ta shirya wasan a zuciyarta, ta ba Inna labarinsa da daɗi. A gida kuwa biran nan biyu ba sa ba juna ƙwallo, jimina ta zauna jinya, majalisa ta sanar cewa sake gina ƙungiya ake yi. Tabawa ta haifi namiji. Ranar, Ladingo ta karkaɗa kunne har suka yi zafi, tana fatan ya gane cewa yau ba irin kullum ba ce.

Da kaka ta kama, ruwa ya janye. Ladingo ce ta fara ƙetarewa, laka har gwiwa. Ta hango dogon wuya a bakin filin Tsallake, ta sheƙa da gudu.

"Baba! Baba, an yi ƙane!"

Raƙumin dawan ya juyo. Zanensa ya fi na Jatau duhu, ƙahonsa ɗaya a karye.

"Ke ce ta kan suri," ya ce a hankali. "Sunana Barmo. Zo inuwa, 'yata, kin gaji."

"Ina Babana?"

"Yana Tudun Duwatsu, bayan tsaunukan can. Bai daɗe a nan ba aka ba da shi, aka karɓo ni da wasu zomaye."

"Ai rafi ya cika! An hana musaya!"

"Dokar ta rafi ce. Hanyar tudu babu ruwa." Ya nuna hanyar da kai. "Mun haɗu da shi a hanya, yana tafiya ina tahowa. Ya tsayar da ni ya ce akwai yarinya a kan suri, kada in bari ta duba ba ta ga kowa ba. Ni ma na bar ɗa a Tudu, na ce ya riƙa leƙa mini shi."

Ladingo ta dubi tsaunukan. Sun fi kowane wuya tsawo.

"Kawu, yaushe zai dawo?"

"Labari ya zo cewa can ma babu kamarsa. Har 'yan Fadama sun fara aika dillali." Barmo ya lanƙwasa ƙafarsa ta gaba, ya miƙe ta da ƙyar. "Ni kam gwiwata ta soma ciwo. Ina jin baɗi zan ga yarona."

A nan Ladingo ta gane cewa mahaifinta zai dawo gida ranar da ya daina iya wasa, kuma duk tsawon daminar nan ita ce ke yi masa addu'ar ya ci.