Waken Kaka a Cikin Toka

"...ya ciwon gwiwa kuma? Haƙoran nan guda biyu suna nan, ko sun bi 'yan'uwansu?"

"Suna nan daram, suna jiran naman da ka shekara bakwai kana yi musu alkawari. Shigo, mijin takarda."

Mai tambayar Malamin Gona ne, jikan tsohuwar da ta amsa masa, ya jingine babur a ƙofar gida da hantsi, ya shigo sanye da farar rigar ofis da jaka a hammata. Jiya aka yi ruwan shuka, tsakar gida sai ƙamshin ƙasa. Kaka na zaune a kan tabarma tana tufka igiyar akuya, kaji na ta kai da kawo a gabanta.

To, bari in gaya muku abin da ya kawo shi, don ba zumunci ba ne. Shekara biyar da suka wuce, da ya fito daga makaranta kai na hayaƙi, shi ya bi layin nan gida-gida yana cewa a watsar da tsohon iri, a shuka masarar kamfani zalla, a zuba takin buhu. Kowa ya bi, har tsohon irin ya ɓace a hannun mutane. Yanzu kuwa ƙungiyar da yake wa aiki ta juya akala, ta ce irin gargajiya take so. Jibi manyan baƙi za su zo shuka gonar gwaji, shi kuma ya riga ya bugi ƙirji a gaban shugabansa cewa kakarsa na da jan waken nan mai jure fari. Shugaban ya ce in bai zo da shi ba, ya ajiye makullin babur a kan tebur.

Ya durƙusa yana murmushin da ya wuce kima. "Amaryata, kin ƙara kyau."

"Uhm. Me aka koro ka ka zo nema?"

"Haba, miji ba zai zo ganin matarsa ba sai da dalili?"

"Mijin da rabona da shi tun kafin akuyar can ta haihu? Ga 'yarta nan ita ma ta haihu. Na sake ka tuntuni, takardar ce ban samu mai rubutawa ba."

"Ilimi na kawo miki. Taron bita muka je, kwana bakwai a otal, ɗaki mai sanyi, shayi sau uku a rana."

"Ga alama nan a kumatunka. Me aka koya muku?"

Ya gyara murya. "Sabuwar fasaha. A haɗa masara da wake da kabewa a gona ɗaya. Wake ya ciyar da ƙasa, ganyen kabewa ya rufe ta kada rana ta ƙone ta. Sannan a koma ga kashin dabbobi."

Kaka ta ajiye igiya, ta dube shi sama da ƙasa. "Kwana bakwai?"

"Cif."

"Da nan ka zo, kafin ruwa ya tafasa na gama koya maka, har da marin ƙeya kyauta. Me kuka sa wa abin suna?"

"Noma mai tafiya da muhalli."

"Da da nake yinsa, me kake kiransa?"

Ya sosa kunne. "Na manta."

"Ni ban manta ba. Noman duhun kai. A nan ka tsaya, kana nuna ni da biro. Na ba ka rabin gonata ka yi gwaninta, yau ga ta can ta yi tauri, fartanya in ta sare ta sai ta yi ƙara kamar an bugi kwano. Masarar taka kuma 'yar gata, ba ta haihuwar iri, kowace damina sai an je kanti an roƙo ta."

"Kuskuren ƙuruciya ne. Ke ma ai kin yi naki, tunda kika auri kakana."

"Shi aƙalla ya san bambancin wake da kashin akuya. Faɗi abin da ke bakinka."

"Jan waken nan naki... ko da ɗan kaɗan ne."

"Wanne? Wanda ka ce in zuba wa kaji? Ai ni mace ce mai bin umarnin miji. Ga su nan, tambaye su."

Ya dubi kajin, wani jan zakara ya dube shi da ido ɗaya kamar ya san zancen. Amma ya san halin tsohuwarsa, ko tsumma ba ta yarwa balle iri. Sai ya ce a ransa, lallashi zai fito da shi. Da Kaka ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki ɗebo masa ruwa, ya naɗe hannun riga ya ɗauki tsintsiya.

"Yau za ki ga hidimar miji!" ya ɗaga murya. "Dubi gidanki, tarkace ko'ina."

"Ka share kanka tukuna!" ta amsa daga ciki.

A gindin bango, bayan turmi, ya ga wata tsohuwar tukunyar ƙasa cike da toka, an rufe bakinta da fasasshen kwano. Ido ya yi masa haske, don a shafi na goma sha biyu na littafin bita an ce toka na gyara taki. Ya rungume ta, ya nufi tarin kashin awaki da ke bayan gida.

"Kaka, ga darasi na biyu! Ba a ajiye toka a banza, a taki ake zuba ta!"

Ya kifar. Toka ta tashi ta lulluɓe shi, sai ga jajayen ƙwayoyi suna gangarowa ta ko'ina. Kafin ya gane abin da yake gani, kaji sun gane. Suka taho a guje, zakaran nan a gaba.

Kofi ya faɗi daga hannun Kaka. "Wayyo irina! Kore su, ɗan banza! Kore su!"

Tsohuwar da ke kukan gwiwa sai ga ta ta tsallake turmi da tsintsiya a hannu. Malamin Gona ya yi ruf da ciki a kan tarin taki ya rufe waken da ƙirjinsa, yana harbin iska da ƙafa, kaji na saran kunnensa. Da ƙyar aka tura su akurki.

"Wa ke ɓoye wake a cikin toka?" ya ce yana tari.

"Duk wanda ba ya son ƙwari su cinye shi! Ba a koya muku ba a ɗakin sanyi?"

"Leda aka nuna mana, mai tambari."

"Tun uwata na raye ake juya irin nan a tukunyar nan. Fari uku ya tsallake, bai taɓa gamuwa da annoba irinka ba. Ɗauko rariya."

Suka zauna a ƙasa, shi yana tankaɗe, ita tana tsincewa a faifai, ɗaya bayan ɗaya. Can ya miƙa mata wata ƙwaya da fara'a.

"Ga wata ƙatuwa."

Ta duba, ta mayar masa a tafin hannu. "Wannan kai wa shugabanka. Na akuya ne. Na ce maka kakanka ya fi ka."

Da rana ta take, abin da suka tsira da shi bai wuce cikin kwano ɗaya ba. Wasan ya fita daga bakin Malamin Gona. Ya dubi kwanon, ya dubi babur ta ƙofa, ya ce a hankali, "Bar shi, Kaka. Ki shuka abinki. Ni na ɓata, ni zan je in faɗa."

Kaka ta raba waken biyu da gefen hannu.

"In ka mayar da babur, wa zai kai ni asibiti? Amma saurara. Ba za a sa min shi a leda a manna masa sunan wasu ba. In ya yi, kowace mace a layin nan da ka raba ta da irinta, kai da ƙafarka za ka kai mata, kyauta, ka durƙusa."

"Na yarda."

"Jibi kuma ka zo ka ɗauke ni. In baƙin sun tambayi ƙwararre, ni zan yi bayani, kai ka riƙe min tukunya."

"Da shayi sau uku?"

"Huɗu. Na fi malaman otal daɗewa a aiki."

Ya fashe da dariya har toka na zubowa daga girarsa. "Na sallama, Malama."

Ta ƙulle rabonsa a tsumma, ta cusa a aljihun rigar da ta tashi daga fara. Sai ta ja da baya tana duban kansa, wanda toka ta mayar fari fat.

"Kai, tsaya. Ashe furfura na yi maka kyau. Na fasa sakin, yau dai ka kai shekarun aurena."