Rasuwar Robar Ƙarƙashin Famfon Pak Sutarno

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsakar ɗaki mai cike da ruwa, Pak Sutarno, wato Malam Sutarno, na unguwar bayan tashar jirgin ƙasa a birnin Semarang yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar robarsa, wadda ta tsinke ranar Lahadi da hantsi bayan doguwar jinya.

Da almakashi aka yanko marigayiya daga robar cikin tayar tsohon babur, aka naɗa ta a bututun da ke yoyo a ƙarƙashin famfon kicin, da alkawarin za ta riƙe zuwa ƙarshen mako. Ta riƙe shekara goma sha ɗaya. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai ɗan "ɗis… ɗis…" da take yi a cikin bokitin fenti, kamar mai lazimi.

Albarkacinta Pak Sutarno ya yi suna. Duk ranar aikin gayyar unguwa shi ne malamin dabaru: tsohon buroshin haƙori na wanke tsakanin tayil, gindin cokali na kwance noti, man kwakwa na kashe kukan ƙofa. "Gyaran minti biyar ne," in ji shi, "me za ka ɓata yini kana jiran mai gyara?" Minti goman da yake yi a durƙushe kullum da safe yana ƙara mata ɗauri, wannan ba ya cikin wa'azin.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya, wato ƙanin matarsa Darmaji, mai gyaran famfo, mai bakin da ba ya ajiye sirri. Matar, Bu Warsini, wato Malama Warsini, ta daɗe da yanke hukunci: "Pak, ranar da robar nan ta tsinke, ƙanina zan kira, ko kana so ko ba ka so."

Ciwon ajali ya fara da tsattsagewa. Pak Sutarno ya shafa mata man kwakwa, ya tallafe ta da igiyar leda. Ta cika ne daidai lokacin da maza goma sha biyu na unguwa suke zaune a tabarmar falonsa suna shan shayi da soyayyar ayaba, yana koya musu yadda ake maganin yoyo. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fyat!" Ruwan ya bi ta ƙarƙashin tabarma ya gaisa da kowa ta wando.

Darmaji ya iso, ya leƙa, ya ɗago gawar da yatsa biyu a gaban jama'a. "Yaya, wannan ce injiniyar taka? Ai da ka faɗa mini, da na zo gaishe ta tun tana da rai." Cikin minti bakwai ya sauya bututun. Wannan minti bakwai ɗin ya fi mutuwar ciwo.

Ta bar bokitin fenti, wanda yanzu ba shi da aikin yi, da rabin silifa mai tokare ƙofar banɗaki, da maigida wanda tun ranar ba wanda ya sake tambayarsa ko yadda ake kafa ƙusa.

Za a binne ta gobe bayan la'asar a gindin gwandar bayan gida, idan Bu Warsini ta yarda ta fito da ita daga kwandon shara. Iyali suna roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo a ƙafa, su bar baburansu a gida, domin bututun banɗaki ya fara ɗiga, kuma tun jiya ba a ga almakashi ba.