Huɗu Duk na Dama

A Bangi har yau ana tuna ranar da jirgin ɗaukar hoton Shafi'u ya tashi kamu ɗaya, ya wuntsila, ya faɗa tukunyar miyar bikin gidan Maigari. Farfelun jirgin huɗu ne suka karye kafin bikin, ya ba kakarsa Delu saƙon sababbi da za ta Madawa. Mai shago ya tambaye ta na dama ko na hagu, ta ce duk huɗun na dama. Na arha ne marasa alama, Shafi'u ya ɗaura cikin gaggawa. Kamara ta mutu, sana'a ta bi ta. Yanzu ga shi ƙofar ɗakinta da jaka, zai tafi cin rani, shi da ya rage mata cikin jikoki.

"...lahiya lau, mai gidana," in ji Delu. "Ina gajiyar tuƙi? An ce Maigari na cigiyar wanda ya sa mishi tsuntsu cikin miya."

"Tsuntsun da kinka karya ma fiffike, tsohuwa? Biyu dama, biyu hagu, haka shika tashi!"

"Hagu? Ni Delu in sayo ma mijina abin hagu? Mi zan ce ma mutane?"

"Ki ce musu ladabinki ya kashe jirgi."

"Jirgin da kaza ta hi shi nauyi! Makaho ma shina lalube kahin shi ɗaura. Ina naka idanun?"

"Suna wajen amarya. Na gaji da mata marar haƙori."

"Tahi ka auro. Wa za ta ɗauki direban tukunya?"

"Na sake ki, saki huɗu, duk na dama."

Jakarsa Delu take kallo. Irinta 'yan uwansa suka rataya suka tafi, kuma tun daga ranar muryarsu kawai take ji a waya.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta miƙa masa da hannun hagu.

Shafi'u ya yi dariya. "Yau kuma? Ina ladabin da ya ci min kamara?"

"Amshi, ja'iri," in ji ta, tana gyara kallabin da bai kwance ba. "Rashin kunya na yi maka. Ka komo in miƙa maka da dama, tun ina da hannun."