Gyadon da Ya Ce Ya Danganta

A wani daji, wanda ba sai na kama sunansa ba, dabbobi suna da al'adar da suke lallaɓawa kamar ƙwai a cokali. Duk shekara in kaka ta wuce, ruwa ya fara ja da baya, sai su taru a gindin kuka su yi gasar kacici-kacici. Wanda ya ci shi ne Masanin Daji, shi ke shiga gaba ya kai jama'a inda za a ci rani. Ni mai ba ku labarin nan ban taɓa zama a benci ba, sa hannuna ma dangwale ne, amma na ci fari uku ina tsaye da ƙafata, masu takardun da muka taso tare kuwa rabinsu ni na raka su makwanci. Saboda haka in na yi maganar ƙishi, a saurara.

Dokar gasar biyu ce. Alƙali Gauraka yana riƙe da wani tsohon kundi da ya gada wurin kakansa, amsar da ke ciki ita ce daidai. Biri kuma yana rataye da ganga, in ya buga sau uku ba ka amsa ba, ka faɗi.

Shekara bakwai Aku na cinyewa. Ya haddace kundin nan har da inda gara ta ci. Gauraka zai ce, "Wane ne ya fara..." sai ka ji "Zomo!" tun ba a san me aka fara ba, kuma daidai ne. Har makaranta ya buɗe a kan tsamiya, iyaye na ta tura 'ya'yansu koyon saurin baki.

A shekarar da nake magana damina ta yi rowa. Akwai wani tsohon gyado, mugun dawa ke nan, ana ce masa Guntun-Haure don ya karya haure ɗaya wajen tono. 'Yarsa Tasalla ta haihu bai fi mako ba, 'ya'ya huɗu. Ta same shi ta ce, "Baba, ka san Aku zai ce Tafkin Marke, don shi ne a kundi. Tafiyar kwana biyu ce, waɗannan ko bakin rafi ba sa kaiwa sai sun faɗi. In muka tsaya mu kaɗai kuma, kura ce maƙwabciyarmu."

Ya ce, "Ai ko sun kai ba abin da za su sha. Bara na je da ƙafata, yashi ya ci rabinsa."

"To ka shiga gasar mana."

"Ni? Da tsufana in tsaya gaban gangar biri?"

"Da tsufanka za ka binne jikoki huɗu?"

Ranar gasa ya fito fili. Dariya ta ɓarke. Aku ya gyara fiffike ya ce, "Baba Guntu, ko ɓatan hanya ka yi? Nan ba a tono, kai ake amfani da shi." Tsoho ya ce, "Na sani, ɗan nan. Nawa ya daɗe a wuyana."

Gauraka ya buɗe kundi. "Gyado, ƙaya nawa ce a bayan beguwa?"

Tsoho ya dubi Beguwa da ke zaune a gefe ya ce, "Allah ya gafarta malam, kafin ta yi faɗa ko bayan ta yi?" Dum, dum, dum. Aku ya ce, "Dubu uku da ɗari biyu da ɗaya!" Aka yi guɗa. Ita kanta Beguwar, wadda ta bar fiye da ashirin a hancin damisa shekaranjiya, ta gyaɗa kai ta ce haka ne. Kai jama'a!

Aka zo tambayar da ake jira. "Gyado, ina ne ruwa mafi kusa in an yi fari?"

Ya ce, "Ya danganta..." Biri kuwa, don kada a ce bai iya aikinsa ba, ya haɗa bugu ukun kamar ana korarsa. Aku ya ce, "Tafkin Marke!" Gauraka ya duba ya ce, "Daidai."

Tsoho bai zauna ba. Ya ce, "Jama'a, lokacina ya ƙare, amma ƙishinku bai fara ba, ku bar ni in ƙarasa. Ya danganta da yadda damina ta kasance. In an yi ruwa sosai, Marke na riƙe ɗan abin da ya samu. Bana ba a yi ba. Lokacin da kakan alƙali ya rubuta amsar nan, tafkin na shanye giwa har kunne, na gani da idona ina ƙarami. Yau ko ƙafar zalɓe ba zai jiƙa ba. Ruwa na nan ƙarƙashin yashin busasshen rafin da ke bayanku, sai dai yana son tono. Gani ya kori ji."

Gauraka ya rufe kundin a hankali ya ce, "Dattijo, mun ji, kuma muna ganin girman furfurarka. Amma gasa gasa ce. In muka bar kowa ya zo da abin da ya gani da idonsa, amsa za ta yi yawa, a rasa gwani. Kundi ɗaya ne, shi ya sa ba a taɓa faɗa a nan ba. Ba mu tambaye ka abin da ke tafki ba, abin da ke takarda muka tambaya."

Aku ya ƙara da nasa, yana duban ɗalibansa: "Ku ɗauki darasi. Gwanin gasa ba ya tunani a fili, a gida ya gama. Ba ya tambayar mai tambaya. Kuma ko ana yanka shi ba ya cewa ya danganta, wannan maganar waɗanda ba su yi karatu ba ce."

In na tuna wannan jawabin har yau sai in ji tuwo ya fita raina. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, amma sanin da ya ƙi leƙa waje ya fi shi ɗaure wuya.

Washegari daji ya tashi, Aku a kan ƙahon ɓauna yana nuna hanya. Guntun-Haure ya tsaya da 'yarsa. Ya shiga rafi ya dinga tono da guntun hauren nan, Tasalla na ture yashi, yaran na kwance a inuwa harshe waje. Sai da rana ta karkata laima ta fito, sannan ruwa ya tsattsafo. Kura ta zo kamar yadda aka zata. Tsoho ya tura Tasalla da yaran cikin ramin, ya toshe bakin da jikinsa, kansa a waje. Kwana huɗu suna kallon juna da ita. Ta tafi da rabin kunnensa, ita ma ta tafi da ɗingishin da ba ta zo da shi ba.

Rana ta biyar jama'a suka dawo, ba duka ba. A Marke sun tarar da yashi mai kyau, mai laushi. Ba wanda ya yi sallama, kowa ya kafa kai a ramin tsoho. Ya ƙirga jikokinsa, huɗu cif, ya matsa gefe ya ba baƙi wuri.

Da maƙogwaro ya jiƙe aka kira majalisa. Tasalla ta ce, "Allah ya gafarta malam, tunda kowa ya gani, a gyara amsar mana." Gauraka ya ce, "'Yata, kin yi magana. Sai dai yara sun shekara suna haddar Tafkin Marke, iyayensu sun sha wahala. In muka canja yanzu mun zalunce su. Amma mahaifinki ba zai tafi haka ba, za mu sa shi a kundi." Aka yi na'am. Aka ƙara sabuwar tambaya a shafin ƙarshe: wace dabba ce ta fi kowa jinkirin amsa a tarihin gasa?

Tsoho ya ji, ya kaɗa kunnen da ya rage masa, ya koma yashe rami.

Da shekara ta zagayo Aku ya sake cinyewa. Aka tambaye shi ruwa mafi kusa in an yi fari, ya ce Tafkin Marke tun Biri bai ɗaga hannu ba. Muryarsa kuwa ta fita tas, don da safen nan ya biya ta rafi.