Goron Direban Jirgi

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar da ƙarti biyu suka danne ni a ƙasa cikin jirgin sama, tsakanin Lyon da Paris, don na je gaida direba.

Labarin ke nan. Saura bayani ne.

Ni ban yi makaranta ba. Daga wani ƙauye na Damagaram na fito. Na ratsa sahara a bayan babbar mota, na sha kurkuku a Libiya, na haye teku a kwalekwalen da ko akuya ba za ka yarda a ɗora a kai ba. Duk wannan ban yi kuka ba. Amma jirgin sama ban taɓa shigarsa ba, sai dai in ɗaga kai in ga wucewarsa.

Wanda ya tsince ni a Lyon shi ne Baba Isufu. Tsoho ne ɗan Maraɗi, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar sinadarai ta Saint-Fons, a gefen Lyon, har huhunsa ya lalace. Ya same ni ina kwana a bakin tashar jirgin ƙasa. Ya kai ni ɗakinsa, ya ba ni katifa, ya nemo min aikin shara, ya yi ta yawo da ni ofis-ofis har takardun zamana suka fito. Bai taɓa neman godiya ba. Abu ɗaya yake so, in zauna in saurari labarin jirgi.

Shi a jirgin sama ya zo, yana saurayi, lokacin da manyan jirage marasa farfela suka fara sauka a Yamai.

"Ɗana, ba ka ga duniya ba," in ji shi, yana tari. "A lokacinmu shiga jirgi kamar zuwa Idi ne. Bature ya sa kwat, matarsa ta sa hula da safar hannu, mu kuma babbar riga. Mutanen gari su fito filin jirgi kallo kawai, a yi ta ɗaga maka hannu ko ba a san ka ba. Tafiyar da ake makonni a jirgin ruwa, ka karya kumallo a can, ka yi Isha'i a nan. Abinci a farantin tangaran, cokali mai nauyi, naman rago har sai ka ce ya isa. In an nutsa a sama, sai direba ya aiko a kira fasinja su zo su ga ɗakinsa. Ni na shiga. Na yi masa sallama, na ba shi goro, ya ba ni hannu."

Yana da wata shuɗiyar jaka da aka ba shi kyauta a jirgin, rataye a ƙusa. Ba a taɓa ta. (Ban taɓa tambayarsa yaushe rabonsa da jirgi ba. Da na tambaya, da na ji cewa tun ina kiwon awaki ne. Tun da matarsa ta rasu aka binne ta a nan, bai sake komawa gida ba.)

Sai maganar auren Zainabu ta taso. Ita kaɗai ya haifa. Tana aikin jinya a Paris, tana zaune wurin gwaggonta a Sevran, a bayan gari, ta kawo wani yaron kirki ɗan Kamaru mai tuƙa taksi. An sa ɗaurin aure ranar Asabar bayan La'asar. Baba kuwa a lokacin da robar iska a hanci yake kwana yake tashi. Likita ya ce ko ƙofar gari ba zai fita ba.

"Kai za ka ba da ita a madadina," ya ce.

"Baba, akwai manya."

"Na san akwai manya. Kai na ce."

Na fita baranda na daɗe. Ni da ba ni da kowa a ƙasar nan, ni ne wakilin uban amarya. In ban je ba, ko a fasa, ko wani ya tashi ya tsaya, a ce Isufu ya tsufa a Turai bai da ko mutum ɗaya da zai aika.

Na dawo na ce zan shiga jirgin ƙasa.

"Wakilina? A jirgin ƙasa, kamar buhun gero?"

Ya sa aka yanko min tikitin jirgin sama. Ya fito da babbar rigarsa ta shadda, wadda ya ɗaura aurensa da ita. Ya sauko da shuɗiyar jaka. Ya hana ni karin kumallo, wai in bar wa rago wuri. Sannan ya miƙo min goro ɗaure cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Na direba ne. Ka yi masa sallama da kyau. Ka ce daga wurin Isufu."

Ban ga abin mamaki ba. A wurinmu ba ka hawa mota ba ka gaida direba ba. Bayan Allah, ranka a hannunsa yake.

A filin jirgin Lyon na ga abin tausayi. Wannan da gajeren wando, wancan da silifa, wata tana cin burodi a tsaye. Na ce a raina, bayin Allah, ba su da tsohon da zai gaya musu. Ni kuwa ina tafe riga na jan ƙasa, turare na tashi. Masu bincike suka buɗe tsumman, suka shinshina, suka mayar min. Wannan ya ƙara min ƙarfin gwiwa.

Jirgi ya tashi. Can sai wata ma'aikaciya ta turo ɗan keke, ta miƙo min biskit guda da ruwa a kofin roba. Na ce wannan share fage ne. Na jira rago. Rago bai zo ba. Na jira direba ya aiko. Bai aiko ba.

Sai na gane laifina ne. (Haka kawai na gane, ni kaɗai, da kaifin basirata.) Yaya babban mutum zai aiko a kira wanda bai fara gaishe shi ba? Na kwance bel, na gyara hula, na rataya jaka, na cusa goron cikin riga, na nufi gaba.

Ƙofar a rufe take. Na ƙwanƙwasa. Injin na ƙugi, don haka na ɗaga murya.

"Assalamu alaikum!"

Shiru. Na ƙara bugawa da ƙarfi, na ƙara sallama.

Ku tsaya ku dube ni yadda mutanen jirgin suka gan ni. Baƙin ƙato mai gemu, cikin riga kamar tanti, yana dukan ƙofar direba yana Larabci. Ma'aikaciyar ta rugo tana "Monsieur! Monsieur!" Ni kuma, don in kwantar mata da hankali, sai na zura hannu cikin riga zan nuna mata ƙunshin.

Wata mata ta ƙwalla ƙara. Ban san daga ina ƙartin biyu suka fito ba, sai ji na yi fuskata ta haɗu da ƙasa. Ɗaya ma'aikacin jirgi ne, ɗaya fasinja mai wuya kamar na bijimi. Na ji rigar Baba ta yage, ƙyaaat. Tsumma ya kwance, goro ya bazu, fari da ja, yana gangarawa ƙarƙashin kujeru, mutane na ɗage ƙafa suna salati irin nasu.

"Cadeau!" nake ta cewa, bakina a kan kafet. "C'est pour le chauffeur!" Wato kyauta ce ta direba. Faransancina ke nan, na shara.

Kurkuku ban ji tsoronsa ba, na san shi. Abin da na gani shi ne Baba zaune kusa da waya, da liman a Sevran yana tambaya ina wakili.

Sai na ji Hausa a saman kaina.

"Kai bawan Allah, kada ka motsa. Yi shiru ka bar ni da su."

Wata mata ce mai tabarau, ba ta kai kafaɗata ba. Ta sunkuya ta ɗauki jan goro guda, ta goge a hannun rigarta, ta ɗaga shi kowa ya gani, ta gatsa. Tana tauna tana zuba musu Faransanci kamar rediyo. Gwiwar da ke kan bayana ta ɗan sassauta.

Ta durƙuso. "Malam, me ka je yi can?"

"Gaida direba, Hajiya."

"Gaida wa?"

"Direba."

Ta rufe ido. Na ga kafaɗunta na rawa don dariya.

"Ni ba Hajiya ba ce, Rifkatu nake, 'yar Zariya. Kuma duk duniya ba abin da na tsana kamar goro. Ka ga abin da ka sa ni."

Aka mayar da ni kujerar baya, hannuwana ɗaure da igiyar roba. Ta ce a bar ta ta zauna kusa da ni. Ashe malama ce a jami'ar Villeurbanne, kusa da Lyon. Ita ta gaya min tun harin da aka kai da jiragen sama a Amurka ba mai kusantar ƙofar nan. Na ga abin a talabijin kamar kowa. Ban taɓa tunanin ya shafi gorona ba.

A Paris 'yan sanda na jira a bakin jirgi. Suka kai ni wani ɗaki marar taga. Rifkatu ta biyo mu. Tana da wani jirgin da za ta kama zuwa taro. Na ce ta tafi.

"Ya riga ya tashi," ta ce. "Taron ba zai mutu ba. Kai dai ka daina cewa chauffeur, wannan direban mota ne."

Suka yi tambaya, suka juya takarduna, suka sake tambayar da suka yi. Azahar ta wuce. Na gaya wa Rifkatu maganar La'asar, ta gaya musu, suka ɗaga kafaɗa.

Sai ƙofa ta buɗe, wani dogon Bature mai furfura ya shigo, hula a hammata. Direban ne. Wai yana so ya ga wanda ya buga masa ƙofa. Rifkatu ta kwashe komai ta gaya masa, har da rago. Bai yi dariya ba. Idonsa na kan shuɗiyar jaka. Ya ɗauka, ya juya ta, ya shafa tambarin da ya koɗe. Ya ce kamfanin ya daɗe da mutuwa. Ya ce yana yaro an ba shi irinta, kuma a ranar aka shigar da shi ɗakin direba, abin da ya sa ya zama direba ke nan.

Ya tambaya ina kyautarsa. Ɗan sanda ya miƙo ledar da suka tsince goron a ciki. Ya zaɓi fari, ya gatsa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Gaya masa ya sha ruwa," na ce wa Rifkatu. "Zaƙin daga baya yake zuwa."

Ya miƙo min hannu. Na riƙe da hannu biyu. Na ce, "Daga wurin Isufu." Ya ce in gaida Isufu. Ya yi magana da 'yan sanda a gefe, suka ja min kunne, suka buɗe ƙofa.

Rifkatu ta ciro fil daga jakarta ta kama yagaggen wurin, ta jefa ni taksi, ta ce wa mai taksin ya kai ni Sevran. Ko godiya ban gama ba ta rufe ƙofa.

Na isa an idar da La'asar, liman na duba agogo. Na zauna a wurin Baba. Aka nemi Zainabu, na ba da ita. Sai cikina ya yi ƙugin yunwa ana tsakiyar Fatiha, har angon ya waiwayo. Bayan nan na ci shinkafar mutum uku.

Da yamma na kira Baba.

"An ɗaura?"

"An ɗaura, Baba."

Ina jin iskar robarsa. Sannan ya ce, "Ka gaida direba?"

"Na gaishe shi."

"Ya karɓi goro?"

"Ya karɓa. Ya ci a gabana. Ya ba ni hannu, ya ce in gaishe ka."

"To ka gani! Abinci fa?"

"Baba, na ƙoshi."

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Rigar na kai wa wani tela ɗan Cadi ya ɗinke ta kafin in mayar. Baba ya rasu da sanyin da ya biyo, jirginsa na nan yadda ya bar shi, da rago da farantin tangaran.

Abin da na koya: in tsoho ya ba ka shawarar tafiya, ka karɓa da hannu biyu, amma ka tambaye shi shekarar da ya yi tasa.

Yanzu ina Saint-Fons, a ɗakin Baba. Jakar na rataye a ƙusarta. Zainabu ta haifi namiji, sunansa Isufu. Duk Kirsimeti nakan hau taram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, in je Villeurbanne in kai wa Malama Rifkatu kaza, ita kuma ta tambaye ni lafiyar direba. In zan je Paris, jirgin ƙasa nake shiga, kamar buhun gero. Gorona yana aljihuna, ni nake cin abina.