Hotuna Ɗari Huɗu na Laminu Mai Hoto

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙafar?" Raliya ta tambayi kakanta.

"Ƙafa da sauƙi. Abin da ba sauƙi shi ne mace ta yi ta barci har hantsi, mijinta ko koko bai gani ba."

"Mijin da ba haƙori? Kokon ma sai an tace maka sau biyu."

Raliya ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta buɗe kwamfutarta. Zauren nan shi ne dā shagon kakanta, Laminu Mai Hoto, inda mutanen Magariya da na ƙauyuka ke yin layi ranar kasuwa. Yanzu kowa da wayarsa a aljihu. Labulen da ake tsayawa a gabansa ya koɗe, benci kuma ba mai hawansa sai kaji. Tun rasuwar matarsa, tsohon shi kaɗai yake wuni a nan, yana amsa sallamar masu wucewa waɗanda ba su tsayawa.

A cikin wata akwatin ƙarfe yana da hotuna ɗari huɗu da sha biyu da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba. Raliya ta ɗauke su duka da waya, don a sa a shafin ƙungiyar 'yan Magariya, ko wani ya gane nasa. Sai dai shafin ba ya karɓar hoto mai nauyi, rezon intanet ma ba ya ja. Dole a rage girmansu. Da ta gama za ta bi motar azahar zuwa Damagaram. Jami'a ba ta buɗewa sai nan da kwana takwas, amma ta ƙosa ta ga ƙawayenta. Jiya kuwa ta ji tsohon yana gaya wa mahaifiyarta, da murna a muryarsa, cewa aikin nan sai ya ci sati, don hoto ɗaya bayan ɗaya ake yanka shi.

"To, amarya, ɗauko na farko," in ji Laminu, yana gyara zama. "Wani mahauci ne daga Bande. Bari in ba ki labarinsa."

"Ajiye labarinka, ango. Duka zan rage su lokaci guda."

"Duka me?"

"Duka ɗari huɗun. In nuna wa na'ura dosiyen, wato ma'ajiyar da suke ciki, in faɗa mata awo sau ɗaya, ita ta bi su da kanta."

"Ke dai an yi raguwa! Shekara talatin da bakwai ina yanka hoton katin ɗan ƙasa da almakashi, ban taɓa haɗa mutum biyu a yanka ɗaya ba."

"Shi ya sa rabin Magariya ke yawo da kunne ɗaya a katinsu."

"Ƙarya kike! Wanda na yanke wa kunne, dā ma ba ya jin magana."

"Limamin unguwarku fa?"

"Shi rawaninsa ne ya rufe. Ke, ni na ɗauki kakan kakanki hoto yana kan raƙumi, raƙumin na gudu, ni ma ina gudu."

"Da wannan ƙafar?"

"Lokacin ƙafar tana budurwa."

Ta yi dariya, ta rubuta awo, ta danna. Wani koren layi ya soma tafiya a fuskar kwamfutar. Laminu ya matso da fuskarsa yana kallo. Kafin ya gama ɓare goronsa layin ya kai ƙarshe.

"An gama," ta ce.

"An gama me?"

"Aikin."

Ya dubi akwatin ƙarfen, ya dubi jakarta da ke jingine a bakin ƙofa tun safe. Ya mai da goron aljihu bai ci ba. Raliya ta sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a madannai. A waje wani mai babur ya yi sallama bai rage gudu ba, tsohon ya amsa masa bayan ya riga ya ɓace.

"To," ya ce a hankali. "Madalla da zamani. Buɗe in ga ɓarnar, kafin in rubuta miki takardarki."

"Saki na nawa ke nan?"

"Na sha tara. Wannan ba kome."

Ta buɗe na farko. Laminu ya ƙura ido, sai ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wane ne wannan?"

"Mahaucinka na Bande mana."

"Wannan tulun? Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga zauren nan? Dogo ake ce masa, yarinya! Kin mai da shi kamar an zauna a kansa!"

Ta buɗe na biyu. Wata amarya daga Mallawa, fuskarta ta baje kamar faifai. Na uku wani tsohon soja ne, ya koma gajere mai faɗi, lambobinsa sun miƙe har hammata. Nan take ta gane kuskurenta. Ta ba tsawo da faɗi awo ɗaya, ta manta ba ta danna 'yar sarƙar da ke ɗaure su tare ba, sai na'urar ta danne kowa ta cusa shi cikin murabba'i. Na asalin suna nan lafiya a wani dosiyen.

"Allah ya isar wa mutanen Magariya!" Laminu ya soma tafa hannu, muryarsa ta dawo. "Mutum ɗari huɗu kin tumurmusa a minti biyu. Ko yunwar shekarun baya ba ta yi musu haka ba."

"Ai ƙiba na ƙara musu. Kai ka ɗauke su a rame."

"Wannan matar ta yi tafiyar yini a amalanke don ta tsaya gabana. Na gyara mata ɗankwali sau uku. Yau jikokinta su buɗe waya su ga kwaɗo?"

"Kwaɗo mai kwalliya dai."

"Abin da ake koya muku ke nan a jami'a? Gara a ba ni ke in sa ki tallan ƙuli."

Gyaran bai fi danna wuri ɗaya ba. Raliya ta kai kibiyar kwamfutar kan 'yar sarƙar. Motar azahar ba za ta tashi ba sai an sallame salla, akwai lokaci har da saura. Ta ɗago ta dube shi. Ya jawo akwatin ƙarfen gabansa, ya ciro hoton mahaucin na takarda, yana share shi da hannun riga, bakinsa na motsi da labarin da bai samu ya faɗa ba.

Ta janye kibiyar.

"Kaka, abin nan ba zai gyaru a taro ba. Sai ɗaya bayan ɗaya. Kai za ka riƙa faɗa mini tsawon kowa, da sunansa, da garinsu, in rubuta a ƙasa."

"Kwana nawa ke nan?"

"Ya danganta da surutun mai hoton."

"Mai hoton kuwa akwai surutu."

"To, sati."

Laminu ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau.

"Amarya."

"Na'am, ango."

"Idon nan shekara talatin da bakwai yana leƙa ramin kyamara. Na ga inda kika kai 'yar kibiyar nan, na kuma ga kin janye."

Kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe baki. "Hannuna ne ya zame."

Tsohon ya tuntsire da dariya har da tari, har kajin kan benci suka watse. Ya laluba aljihu ya ciro goron nan, ya raba biyu, ya miƙa mata babban ɓarin.

"Kin ci ni. Ungo, sadakinki ne, kada ki ce ban biya ba. Shigar da jakar can ciki, tana tare wa baƙi hanya." Ya ɗaga hoton sama, wajen haske. "Rubuta. Sunansa Nomau Dogo. Ranar da ya zo, da akuya ya zo, wai sai an ɗauke su tare."