Ranar da Kwamfutar Tasi'u Ta Kulle

Mijin jikata Barira bakanike ne a Funtuwa, Tasi'u sunansa. Yaron kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, sai dai taurin kai. Yana da wata 'yar kwamfuta, ba ta fi faranti girma ba, wadda ake jona wa mota ta faɗi ciwon da ke damunta. Ita ta ɗaga shi a gareji, don motocin yanzu ba a gane cutarsu da kunne. To ashe irin wannan kaya ba a sayensa a huta. Sai an yi rajista da lambar waya a wurin kamfanin da ya ƙera ta, kuma duk shekara sai an sabunta, su turo wasu lambobi ta wayar a shigar. In ba a shigar ba, ta kulle. Lokacin da Tasi'u ya yi rajistar an toshe masa layi, sai ya ba da lambar matarsa, ya kuma manta.

Abin da ya haɗa su faɗa kuwa, rigakafi ya kai Barira asibiti da 'yarsu Ummi, ya ce ta jira shi yanzu zai dawo. Mota ta shigo gareji, ya manta da su har la'asar. Da ƙafa ta koma gida da goyo. Da ta yi magana ya ce, ai ba ɓata ta yi ba. Ta ɗauki mayafinta, sai ga ta a gidana.

Na ce zauna ki huce, zai zo biko. Shiru. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ko gaisuwa. Na aika masa, ya ce wadda ta fita da ƙafarta ta san hanyar dawowa. Yarinyar nan tana ta dariya a gabana, amma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa. Abin ya tsaya mini a rai, ina kallo aure zai mutu a banza.

Ana haka kwamfutar ta kulle, daga baya na ji labarin. Ga Tasi'u ya kwance motar wani Alhaji a gareji, mai ita yana ta zarya. Ya kira kamfani, suka ce lambar da ke rajista za su tura wa. Ya ce a canza, suka ce sai da yardar mai lambar. Ya kai ta kasuwa wurin masu buɗewa ta bayan fage, suka ce in suka taɓa ta mutuwa za ta yi gaba ɗaya. Ga lambobin ba sa jira, kafin ka shanye kofin shayi sun lalace, ba damar ya aiki wani ya karɓo masa.

Rannan da hantsi sai ga sallama. Tasi'u ne cikin babbar riga, da baffansa Malam Ɗanjuma, da lemu da burodi har da turare.

Na ce, "Angona, ashe kana raye? Na ɗauka an yi jana'izarka ba a gaya mana ba."

Ya durƙusa ya ce, "Wallahi Kaka, aiki ne ya yi yawa."

"Aikin ya karɓe ka kuwa. Ji tumbi. Tuwon wa kake ci?"

Ya yi 'yar dariya, ya ƙara jan riga ya rufe cikin.

Na kira Barira, ta zo ta zauna a bayana, ta sunkuyar da kai. Malam Ɗanjuma, bawan Allah, bai san komai ba, da zuciya ɗaya ya zo. Ya fara nasiha mai ratsa jiki, ya ce yaron nan tun shekaranjiya bai runtsa ba, abinci ma ya gagare shi, shi da kansa ya zo yana roƙo a rako shi. Na waiwaya na ga idon Barira ya ciko. Ni ma har na fara laluben bakin zane.

Shi kuwa gogan hannunsa na cikin riga yana motsi. Sai wayar Barira ta yi ƙara.

Ya ce, "Maman Ummi, kamar saƙo ya shigo miki."

Ta ce, "Bar shi, Baffa na magana."

"A'a, ki dai duba. Kada ya zama mai muhimmanci."

Malam Ɗanjuma ya ce, "Kai, ana maganar aurenka kana maganar waya?" Ya ci gaba da nasiharsa, ya shiga haƙƙin mata a kan miji, ya daɗe a ciki. Tasi'u sai gumi yake yi. Hannu ya sake motsi a cikin riga, waya ta sake ƙara.

Barira ta ciro ta, ta duba, ta ce, "Wasu lambobi ne."

Ya zabura ya ce, "Karanto su! Da sauri, don Allah, lalacewa suke yi!"

Zaburar da ya yi, tumbin ya sulɓo daga cikin riga ya faɗo kan tabarma, fuskarsa na haske. Malam Ɗanjuma ya saki salati. Ni kuwa na ce, "Barka, angona, an sauka lafiya."

Barira ta dubi kwamfutar, ta dubi wayarta, ta goge idonta da gefen mayafi.

Tasi'u ya ce, "Wallahi don ke na zo. Wannan ɗauko ta kawai na yi."

Ta kife wayar a cinyarta ta ce, "A'a, bar ta nan mu gaisa, ita ce ta zo bikona. Kai da ka yo mata rakiya, je ka jira a zaure."